Molon Turawa mai kai biyu: da gaske ne, ko mai zane ne ya ƙara gishiri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Italiya. A wata kasuwar tsofaffin kaya a Bologna na sayi takarda mai zanen wani mutum riƙe da abin kiɗa mai kama da molo, sai dai wuyansa ya kusa fin mutumin tsawo, kuma kai biyu gare shi, ɗaya a tsakiya ɗaya can ƙarshe. A ƙasa an rubuta "Tiorba". Mai sayarwa ya ce takardar ta kai shekara 300. Mutumin da hagu yake kaɗawa, kuma da na ƙirga sai na ga tsirkiyoyin ba su kai yawan 'yan sandunan da aka ɗaure su a jiki ba. Da gaske an yi irin wannan abin kiɗa, ko mai zane ne ya ƙara gishiri?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu. An yi shi da gaske, har gobe ana ƙera shi ana kaɗawa, kuma tsawon wuyan nan da ya ba ka mamaki, a kansa ne mai zanen ya fi faɗar gaskiya. Inda za ka tuhume shi shi ne hagun nan da lissafin tsirkiya. Sunan da ke ƙasa ma sai an bincika. Amma bari mu fara da abin kiɗan, don wanda bai san dalilin da ya sa aka ƙera shi haka ba, ba zai iya kama mai zane da kuskure ba.

Kakan irin waɗannan kayan kiɗa duka shi ne abin da Turawa ke kira lut. Sunan daga Larabci ya fito, al-ud, kuma ta Andalus da tsibirin Sisili ya shiga Turai. A littafin waƙoƙin da aka haɗa a fadar Sarki Alfonso na 10 na Kastila a ƙarni na 13 akwai zanen makaɗa riƙe da shi. Ƙoƙonsa kamar an tsaga gwanda biyu, da siraran filayen katako ake harhaɗa shi, a rufe fuskar da katako mara nauyi a inda mu za mu shimfiɗa fata. Kansa a karye yake ya koma baya, a nan ake jera 'yan sandunan da ka ƙirga, waɗanda ake murɗawa a ja tsirkiya; mamurɗai zan riƙa kiran su. Tsirkiyoyin na hanjin tumaki ne, bibbiyu ake jera su, yatsa ya taɓa tagwayen tare kamar guda, kuma kowace tagwaye ita ce layi ɗaya. Wajen shekarar 1500 layi 6 ake yi, kafin ƙarnin ya ƙare an kai 7 da 8, ba a jima ba aka kai 10.

Kamar yadda ake da garaya a kuma yi komo, babbar garaya, haka lut yake da ƙanana da manya. Michael Praetorius, wani mawaƙi Bajamushe da za mu koma kansa, ya lissafa girma 7, daga ɗan ƙarami mai siririyar murya har zuwa ƙaton da ke riƙe da babbar murya. Lut na yau da kullum tsirkiyarsa wajen santimita 60 ce. A gidan tarihin Jamus da ke Nuremberg akwai wani da Michael Hartung ya ƙera a Padua a 1602, tsirkiyarsa ta haura santimita 90. Wannan shi ne babban lut na asali, kai ɗaya gare shi, girma ne kawai ya bambanta shi da 'yan'uwansa. Daga irinsa tiyorba ta fito.

Abu uku ke sa tsirkiya ta yi babbar murya: tsawonta, nauyinta, da sassauta ɗaurinta. Duk wanda ya taɓa ɗaura wa gurmi tsirkiya ya san wannan da hannunsa, Marin Mersenne kuwa, wani malamin coci Bafaranshe, shi ya rubuta shi a matsayin ƙa'idar lissafi a 1636. In ka ninka tsawon tsirkiya biyu, muryarta za ta sauka da cikakken hawa ɗaya, irin tazarar da ke tsakanin muryar namiji da ta mace in suna rera waƙa guda. Makaɗan Turai okta suke ce wa tazarar. To, sassautawa tana da iyaka, in ta yi yawa tsirkiya sai ta riƙa lilo tana dukan katako. Kauri ma haka: hanji mai kaurin igiyar shanya a kan gajeren wuya, ka taɓa shi ya ce "dum" ya mutu nan take, ba amo ba daɗi. Dabarar naɗe siririyar tsirkiya da zaren ƙarfe don ta yi nauyi ba tare da ta sandare ba, wadda ita ce ke cikin jita da fiyano na yanzu, sai wajen 1660 ta bayyana. Kafin nan tsawo kaɗai ya rage musu.

Sai dai tsawon ma da tasa rigimar yake zuwa. Kowace tsirkiyar hanji tana da muryar da in ta kai sai ta tsinke, kuma tsawonta ne ke yanke wannan iyaka. Sirantar da ita ba ya ceto, domin gwargwadon yadda ta rage nauyi haka ta rage ƙarfi. Saboda haka babban lut ba zai iya hawa inda ƙaramin ke hawa ba, ko wane gwani ne ya murɗa hanjin.

Buƙatar ta taso ne a birnin Fulorans a ƙarshen ƙarni na 16. Wasu masana da mawaƙa a can sun ƙi jinin waƙar da muryoyi biyar ko shida ke sarƙewa har a kasa jin kalma, suna son mutum ɗaya ya rera, a ji abin da yake faɗa, abin kiɗa ɗaya ya tallafe shi daga ƙasa, yadda suke zaton Girkawan da suna yi. Daga nan sunan kitarone, ɗaya sunan tiyorba, ya fito, wato babbar kitara, don tunawa da abin kiɗan Girkawa. An kaɗa shi a shagalin bikin Ferdinando de' Medici da Christine ta Lorraine a 1589, kuma mutanen zamanin wani makaɗin fada, Antonio Naldi, suke danganta wa ƙirƙiro shi. Giulio Caccini ya rubuta a littafin waƙoƙinsa na 1602 cewa babu abin da ya fi kitarone dacewa da rakiyar murya, musamman ta namiji. Monteverdi ya sa su cikin makaɗan wasansa na Orfeo a Mantua a 1607.

Yadda aka yi, Alessandro Piccinini, makaɗi ɗan Bologna ɗin nan da kake zaune, ya ba da labari a gabatarwar littafinsa na 1623. Manyan lut aka ɗauko aka ɗaga ɗaurinsu don su yi ƙara. Layin farko, mai mafi siririyar murya, ya kasa jurewa, sai aka sa masa tsirkiya mai ɗan kauri aka sauke shi da okta ɗaya. Na biyu ma aka yi masa haka. Shi ya sa a tiyorba layi na uku ne ya fi kowa siririyar murya, na ɗaya da na biyu suna ƙasa da shi. Wannan juyayyen ɗauri shi ne ainihin abin da ya sa tiyorba ta zama tiyorba, kuma ka riƙe wannan da kyau, domin abu ne da babu zanen da zai iya nuna maka. Ƙarin wuyan kuwa, Piccinini ya ce shi ya ƙirƙiro shi a Padua a 1594. Da fari ƙoƙon ya sa aka tsawaita, abin bai yi daɗi ba, sannan ya koma ga tsawaita wuya da ƙara kai na biyu. Wasu ba su yarda shi ne na farko ba, amma dai shi ya bar mana labari a rubuce.

Ga siffar da aka tsaya a kai. Yawanci layi 14 ne. Shida ko bakwai suna kan wuyan farko inda yatsun hagu ke dannawa, tsawonsu daga santimita 80 zuwa 90 da ɗoriya a manyan. Sauran suna wucewa ta gefe su tafi kai na biyu, tsawonsu kan kai santimita 160 zuwa 170, har fiye. Waɗannan dogayen ba a danna su, babban yatsan dama ne kaɗai ke taɓa su, kowace da muryarta guda, suna sauka bi da bi kamar matakala. Abin gaba ɗaya yakan kusa mita 2. Giovanni Girolamo Kapsberger, wanda ya fitar da littafin kiɗan kitarone a Benis a 1604 kafin ya koma Roma, daga baya har mai layi 19 ya rubuta wa kiɗa.

Na taɓa zama kusa da wani makaɗin tiyorba ana gwajin wasa a wata tsohuwar majami'a. Kafin a fara ya roƙi mai goge da ke hagunsa ya ja kujera, don wuyan zai tsokane masa ido. Da ya zo gyara ɗaurin wata doguwar tsirkiya, sai da ya zame ƙoƙon daga cinyarsa ya miƙa hannu iya tsawonsa kafin ya kai ga mamurɗin, ya murɗa kaɗan, ya dawo ya taɓa, ya sake komawa, sau uku. Da aka fara kiɗa, tsirkiyar can ta ƙasa in ya taɓa ta a ƙirji nake jin ta kafin kunne, kuma ba ta yin shiru da kanta, sai babban yatsan ya koma ya kwantar da ita kafin ya taɓa ta gaba, in ba haka ba muryoyin su cakuɗe. Ranar na gane ba'ar da Johann Mattheson ya yi a 1713, cewa mai lut in ya shekara 80 a duniya, 60 a gyaran tsirkiya ya ƙarar. Kuma ba kai ne na farko da siffar abin ta ruɗa ba. An ruwaito cewa da Inigo Jones, maginin nan na Ingila, ya shigo da tiyorba daga Italiya wajen 1605, ma'aikatan tashar Dover sun zaci wani makami ne 'yan Katolika suka aiko a hallaka sarki, sai da aka tura shi da kayansa gaban majalisa.

Batun suna kuwa, nan gizo ke saƙar. Kitarone da tiyorba abu ɗaya ne. Littattafan kiɗa na farkon ƙarni na 17 kan rubuta "kitarone ko tiyorba" a bangonsu, sannan sunan farko ya ɓace a hankali kafin tsakiyar ƙarnin. Arciliyuto shi ma doguwar wuya da kai biyu gare shi, amma ƙoƙonsa da wuyan farko ƙanana ne, tsirkiya wajen santimita 60 zuwa 70, don haka layukan sama ba su tsinkewa, ɗaurinsa na lut ne sak. Akwai mai ɗan gajeren ƙarin wuya irin waɗanda Matteo Sellas ya yi ta ƙerawa a Benis, masu adon hauren giwa. Akwai mai kai biyu gefe da gefe, ɗaya a karye ɗaya a miƙe, mai layi 12, wanda ya cika zane-zanen Holan. A ƙarni na 18 Jamusawa sun yi mai layi 13 mai lanƙwasasshen wuya kamar na dinya, zamanin Sylvius Leopold Weiss na fadar Dresden, sun kuma yi wani babban lut mai kai ɗaya da layi 6 da ake kira galishon ko mandora. Duk waɗannan za ka iya tarar da an rubuta musu "tiyorba" a ƙasan zane ko a takardar ɗan kasuwa. Abin da ido zai iya yi kawai shi ne ya auna ƙoƙo da wuyan farko da jikin makaɗin: in ƙoƙon ya cika cinya da ƙirji, hannun hagu ya miƙe nesa kafin ya kai kan farko, tiyorba ce, in ƙoƙon ɗan madaidaici ne wuyan biyu kawai ya yi tsawo, ka fi kusa da arciliyuto.

Yanzu takardar. Ni tsohon zane kamar ruwaya nake ɗaukarsa, sai na duba isnadinsa: wa ya ga abin da idonsa, wa ya zana, wa ya sassaƙa, daga wa ya kwafo, kuma me yake nufi da shi. Mutum uku ko huɗu kan shiga tsakanin abin kiɗan da takardar da ke hannunka, kuma ba lalle ko ɗaya cikinsu ya taɓa riƙe lut ba.

Hanya uku ake bugawa a wancan zamani. Ko a sassaƙe katako a bar layukan zane a tsaye, a shafa tawada a kansu a danna. Ko a ɗauki farantin jan ƙarfe a yi ta tsaga layuka da tsinin ƙarfe, a cusa tawada cikin tsagun, a goge fuskar, a matse da jiƙaƙƙiyar takarda. Ko a shafe farantin da kaki, a yi zane da allura, a zuba asid ya ci inda allura ta bi. Duka ukun halinsu ɗaya: abin da ke dama a faranti hagu zai fito a takarda. Ka tuna mai sassaƙa hatimin ofis a bakin kasuwa, yadda yake yanka haruffa a juye don su fito daidai. Rubutu dole a juya shi, don kowa zai ga kuskuren, amma hoton mutum sau da yawa mai sassaƙa ba ya wahalar da kansa, yadda ya gan shi a zanen da aka ba shi haka zai kwafe a faranti, makaɗi na dama ya wayi gari bahago. In wani ya sake kwafa daga wannan bugun, ya koma na dama. Saboda haka hagun mutuminka kusan tabbas aikin faranti ne. Ka duba ko yana rataye da takobi: a kwankwason hagu ake rataye shi, in ka gan shi a dama, hoton duka a juye yake. Ka kuma duba inda dogayen tsirkiyoyin suke. Ko an juya hoto ko ba a juya ba, ta sama ya kamata su kasance, wajen fuskar makaɗin, inda babban yatsa ke kaiwa. In ka gan su ta ƙasa wajen cinya, wannan ba juyi ba ne, mai zanen ne bai san abin da yake zanawa ba, kuma sai ka rage yarda da sauran abin da ya nuna.

Wannan matsala ta juyi tun daga littafin farko da aka buga kan kayan kiɗa take, na Sebastian Virdung a Basel a 1511, inda wasu kayan kiɗa masu maɓallai suka fito a juye. Martin Agricola ya kwafi hotunansa a 1529, wasu suka kwafa daga baya, aka yi ta gadon kuskure.

Lissafin tsirkiya dalilinsa ya fi sauƙi. Layi 14, in wasu tagwaye ne, tsirkiya 20 ke nan ko fiye, dukansu a kan jaki, wato ɗan katakon da ake ɗaure su a fuskar ƙoƙo, mai faɗin tafin hannu da ɗoriya. A takarda wurin bai fi faɗin farce ba. In mai sassaƙa ya ce sai ya ja layi 20 a nan, tawada za ta haɗe su su zama baƙin tabo, don haka yakan ja iya abin da zai nuna wa ido cewa tsirkiyoyi ne da yawa. Mamurɗai kuwa a sarari suke, sun fi sauƙin zanawa, shi ya sa lissafinsu ya fi kusa da gaskiya, ko da yake su ma wani lokaci ado ake yi da su. Ni dai ƙa'idata, nakan yarda da zane a kan inuwar abin baki ɗaya, da girmansa a jikin mutum, da yadda aka riƙe shi, da ko an rataya shi da ɗamara. A kan adadin tsirkiya da zobban hanjin da ake ɗaurawa a wuya, sai na sami shaida ta biyu.

Ba duk masu ruwaya ne darajarsu ɗaya ba. Wanda na fi amincewa da shi Praetorius ne. A 1619 ya fitar da juzu'i na biyu na babban littafinsa a Wolfenbüttel, a 1620 ya biyo da kundin hotuna na sassaƙen katako. Kayan kiɗan babu mutane a jikinsu, an jera su kamar kayan da ɗan koli ya baje a tabarma. A gindin shafi kuma akwai ɗan ma'auni mai gaɓoɓi, a farkon kundin an buga girman awon na gaskiya, rabin ƙafar Brunswick, wadda cikakkiyarta wajen santimita 28 da rabi ce. Ka ɗauki tsinke ka auna tsawon tiyorbar a shafi, ka ɗora a kan ma'aunin, ka ninka, sai ga tsawon abin a zahiri. Doguwar da ya kira ta Roma ya ce ta haura ƙafa 6 da rabi, da layi 6 a wuyan farko da 8 dogaye. Ta Padua ta fi gajarta, ƙoƙonta ya fi faɗi, da layi 8 a wuyan farko. In ka kwatanta da waɗanda suka tsira, kamar wadda Matteo Buechenberg ya ƙera a Roma a 1614 da ke gidan tarihin Victoria da Albert a Landan, ko ta Magno Tieffenbrucker ta 1608 da ke kwalejin kiɗa ta sarauta a can Landan ɗin, za ka ga bai yi zuƙi ta malle ba. Amma shi ma ya bar baya da ƙura. Da yake doguwar ce ya laƙaba wa sunan kitarone, marubutan baya sun ɗauka cewa kitarone doguwa ce tiyorba gajera, aka yi ta maimaitawa a ƙamusoshi har sai da Robert Spencer ya tattara shaidun zamanin a 1976 ya nuna abu ɗaya ne.

Sunayen nan na maƙera, in ka lura, na Jamusawa ne ko da yake a Italiya suke aiki. Yawancinsu daga yankin Füssen suka fito, wani ɗan gari a gindin duwatsun Alps, inda aka kafa ƙungiyar maƙeran lut a 1562. A wannan shekarar ce kuma Pierre Woeiriot ya sassaƙa hoton Gaspar Tieffenbrucker na Lyon, kewaye da kayan da yake ƙerawa. Irin wannan zane yana da tsada a wurin masu bincike, domin tsofaffin lut da suka tsira yawancinsu an taɓa su. Na Laux Maler na Bologna, wanda ya rasu a 1552, an yi ta sayensu da tsada a ƙarni na 17 ana cire musu wuya ana sa sabo mai layuka da yawa, har ya zama ƙoƙon ne kaɗai nasa. Siffarsu ta fari a takarda da allon zane ta rage.

Mersenne ya fi Praetorius zurfin lissafi, kuma zanensa na 1636 yana da tsabta, amma abin da ya sa wa suna tiyorba a hoton lut ɗinsa daga baya shi da kansa ya gyara ya ce Italiyawa arciliyuto suke kiran sa. Hoton ya yi ta yawo a littattafan baya, gyaran kuwa ya tsaya inda aka rubuta shi. Athanasius Kircher, wani limamin coci masani, a Roma a 1650 ya ɗebo da yawa daga Mersenne, ya ƙara da labarin cewa tiyorba a bakin mutanen Napoli sunan allon da masu turare ke niƙa ƙamshi a kai ne. Labari ne mai daɗi, ni dai ba na gina komai a kansa.

Isnadi mafi gajarta na Bellerofonte Castaldi ne, mutumin Modena. Makaɗin tiyorba ne, shi ya tsara kiɗan littafinsa na 1622, shi kuma ya sassaƙa farantan da hannunsa, har da hoton kansa. Mai irin wannan matsayi in ya nuna maka yadda ake riƙe abin, ka karɓa. Kusa da shi akwai hoton Jacques Gaultier, makaɗin fadar Ingila, da Jan Lievens ya yi da asid a shekarun 1630, riƙe da lut ɗin nan mai kai biyu gefe da gefe. A ɗaya ƙarshen kuma akwai Jacques Callot da 'yan wasan barkwancinsa na wajen 1622. A nan za ka ga wani ɗan rawa, Razullo, da abin kiɗa mai ɗan mitsitsin ƙoƙo da wuya kamar sandar makiyayi. Wannan kolashone ne na Napoli, mai tsirkiya 2 ko 3 da kai ɗaya, ɗan'uwan tamburar Turkawa, kuma a kallon farko shi ya fi kama da gurminmu. Callot ba'a yake yi, ƙafafu da hanci duk ya ja su, don haka ba a awo da zanensa.

Takardarka kuwa, yadda ka siffanta ta, mutum ɗaya da abin kiɗa ɗaya da suna da Italiyanci a ƙasa, zatona na farko ya tafi ga littafin Filippo Bonanni, limamin cocin da ya kula da gidan tarihin da Kircher ya bari a Roma. An buga shi a 1722, an faɗaɗa a 1723, da hotuna wajen 150 na aikin Arnold van Westerhout, kowane shafi mutum guda da abin kiɗansa, har da na Turkawa da na Afirka. An sake buga shi a 1776 da fassarar Faransanci. 'Yan kasuwa sun daɗe suna yayyaga irin waɗannan littattafai suna sayar da shafi ɗai-ɗai, don ya fi riba. Hotunan suna da kyau a bango, tsayuwar mutanen da tufafinsu sun ƙayatar, amma a kan ƙirar kayan kiɗa Bonanni rawi ne mai rauni, da yawa daga littattafan wasu ya kwafo. In shi ne, ka duba ko akwai lambar shafi irin ta Romawa tare da sunan.

Shekarunta kuma kana iya gwadawa a ɗakinka. Ɗaga ta a hasken taga. Takardar da aka yi da hannu kafin tsakiyar ƙarni na 18 tana da siraran layuka a jere kurkusa, da wasu 'yan kaɗan da suka gitta su, tazarar kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu. Sawun wayar tiren da aka tace ɓawon takardar a kai ne. Wani lokaci za ka ga alamar masana'anta a ciki kamar inuwa. Takarda mai sumul ba layi sai daga 1757 ta fara fitowa a Ingila, kuma ta ɗau lokaci kafin ta yaɗu. Sannan ka shafa gefen zanen da yatsa a hankali: bugun faranti yana barin ɗan kwari mai kusurwa huɗu inda bakin jan ƙarfen ya nutse cikin takarda, layuka masu kauri kuma tawadarsu tana ɗan tasowa. Sa gilashin ƙara girma. In layukan sun watse sun zama ɗige-ɗige a jere, hoton hoto ne na injin zamani, ko da an rina takardar da shayi. A gindin zanen, in akwai ƙananan rubutu, suna da "pinx." shi ya yi zanen fenti na asali, mai "del." ko "inv." shi ya zana, mai "sculp." ko "fec." shi ya sassaƙa, mai "exc." shi ya buga ya sayar. Isnadin ke nan a rubuce. Launi kuma in akwai, sau da yawa daga baya aka shafa don a ƙara kuɗi.

Kada ka manna mata salatif, kada ka rataye ta inda rana ke bugawa, kuma don Allah in ka dawo gida kada ka kai a yi mata laminatin yadda muke yi wa takardun makaranta. Zafi da roba za su kashe ta, ba kuma a cirewa. Sa ta tsakanin farar takarda biyu a kwance. Ka ɗauko mini hoto uku in ka samu sarari: ɗaya gaba ɗayanta da rula a gefe, ɗaya a hasken taga, ɗaya kuma dab da jakin inda tsirkiyoyin suka taru.